Merapi: Abin da ke kisa a dutse mai aman wuta, da dalilin da ya sa mutane ba sa tashi daga gindinsa

Duk lokacin da wani dutse ya yi aman wuta a ƙasar Indunusiya, bidiyonsa kan riga labarinsa isowa wayoyin mutanen Kaduna. Sai a ga toka ta turnuƙe tana gangarowa daga tsauni, jama'a na tsere a kan babura, amma babu jar wutar nan da ake ta faɗa. A majalisu da zaurukan WhatsApp tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Ina wutar take? Idan an san dutsen na kisa, me ya zaunar da mutane a gindinsa? Sai kuma wadda ta fi tsaya wa mutane a rai, musamman waɗanda suka ji ƙasa ta motsa a Kwoi a 2016: shin namu duwatsun za su iya yin haka wata rana?

Dutsen da ya fi dacewa a yi bayani da shi shi ne Merapi, domin yana cikin waɗanda suka fi yawan amai a duniya, kuma an daɗe ana sa masa ido da na'urori. Akwai wani mai suna Marapi a tsibirin Sumatra, wanda ya kashe masu hawan dutse sama da 20 a ranar 3 ga Disamba, 2023. Wannan daban ne, ko da yake ana yawan haɗa hotunansu a intanet.

Yadda dutsen ya ginu

Merapi na tsakiyar tsibirin Jawa, kimanin kilomita 30 arewa da birnin Yogyakarta, wato tazarar da ba ta kai rabin tafiyar Kaduna zuwa Zariya ba. Tsayinsa ya kai wajen mita 2,900, ya fi Chappal Waddi na Jihar Taraba, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. Tsayin nasa ma ba ya zama wuri ɗaya, saboda babban amai kan fasa ƙolin ya rage shi, daga baya sabon abu ya fito ya cike gurbin.

Masana na sa shi cikin jinsin duwatsun aman wuta masu hawa-hawa. Dutsen da kansa ya gina kansa: wannan amai ya shimfiɗa narkakken dutse ya daskare, na gaba ya zuba toka da tsakuwa a kai, wani ya sake zuwa ya rufe, haka cikin dubban shekaru har ya zama tsauni mai tsini da gangara mai tsauri. Wannan gini na da rauni a jikinsa, domin rabinsa tarkace ne da bai kama juna sosai ba, abu kaɗan kan sa ya zabtare.

Tushen wutar kuma na can ƙasa da nisa. Ɓawon duniya ba dunƙulalle ba ne, manyan ɓangarori ne da ke motsi a hankali. A kudu da Jawa, ɓangaren da ke ɗauke da ƙasan Tekun Indiya da Ostareliya na kutsawa ƙarƙashin wanda Jawa ke zaune a kai, da kimanin santimita 6 zuwa 7 a shekara. Duwatsun da ke nutsewar jiƙaƙƙu ne da ruwan teku. Idan suka kai zurfin kilomita 100 ko fiye, zafi da dannewa kan matse ruwan ya fita ya shiga duwatsun da ke sama da su. Ruwan nan ke sa waɗancan duwatsu su narke a zafin da da bai isa ya narkar da su ba. Narkakken ya fi abin da ke kewaye da shi rashin nauyi, sai ya yi ta neman hanyar hawa. Wannan ne ya jera duwatsun aman wuta a Sumatra da Jawa da Bali, har Indunusiya ta tara sama da 120 masu rai.

Abin da ke raba hali tsakanin dutse da dutse shi ne kaurin abin da yake amayarwa. Duk wadda ta taɓa tsayawa kan tukunya ta san kunu mai tsinkewa ba ya riƙe tururi, yana tafasa yana saki. Tuwo da ya yi kauri shi ke riƙe iska a cikinsa har ta kumbura ta fashe, ta fantsama wa mai tuƙi a hannu. Narkakken dutsen Merapi na da silika da yawa, wato sinadarin da ke cikin yashi, don haka mai kauri ne, kuma cike yake da tururi da iskar gas da ke neman mafita.

Abubuwa biyu da ke kashe mutane

Saboda kaurin nan, narkakken dutsen Merapi ba ya malala da nisa. Yakan fito a hankali ya taru a bakin ramin ƙoli, ya zama wani ƙaton curi mai ɓawo a waje da wuta a ciki. Curin na ta girma har ya rinjayi gefen da yake zaune. Ranar da wani sashe ya ɓalle, iskar da ke ɗaure a ciki kan fashe shi ya zama gari, sai toka da duwatsu da iska mai zafi su haɗu su gangaro tare. Wannan shi ne turnuƙun da ake gani a bidiyo. Zafinsa kan kai ɗaruruwan digiri, gudunsa kan wuce kilomita 100 a awa, kuma ya fi bin kwarin koguna saboda ya fi iska nauyi. Wanda ya riska ba ya buƙatar harshen wuta ya taɓa shi: shaƙa ɗaya ta isa ta ƙona huhu.

Tarihin mace-macen Merapi kusan duka tarihin wannan guguwar toka ne. A 1930 ta kashe mutum wajen 1,300. A Nuwambar 1994 ta kashe sama da 60, da yawansu suna wurin ɗaurin aure a ƙauyen Turgo. A 2006 mutum biyu sun shige wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka gina musamman don fakewa a Kaliadem, toka mai zafi ta binne ɗakin suka mutu a ciki. A wani ɓangaren duniya kuma, irin wannan guguwa daga dutsen Pelee ta shafe birnin Saint-Pierre na tsibirin Martinique a 1902, mutum kimanin 28,000 cikin 'yan mintuna.

Na biyu ya fi zuwa ba zato, domin yakan zo bayan an ce dutse ya lafa. Amai kan bar tarin toka da yashi a kan gangara. Ƙasar kuwa ta ruwan sama ce mai yawa, daminarsu na kamawa daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da mu muke cikin rani. Da an yi mamakon ruwa a sama, sai tarkacen ya kwaɓe ya zama laka mai nauyi ta biyo koguna, tana ɗauke da duwatsu masu girman mota. Masana na kiran ta lahar. Mutumin da ke ƙasa yana iya kasancewa cikin rana tsaka, babu ɗigon ruwa a inda yake, ambaliyar ta same shi. Bayan aman 2010, lakar kogin Putih ta sha datse babbar hanyar Yogyakarta zuwa Magelang, ta binne gidaje da gonaki. Mafi muni da aka gani a wannan fanni shi ne na Kolombiya a 1985, inda aman dutsen Nevado del Ruiz ya narkar da ƙanƙarar ƙolinsa, laka ta sauka cikin dare ta binne garin Armero. Mutum kimanin 23,000 suka halaka.

Jar wutar da ke malala, wadda mutane suka fi tsoro, ita ce ta fi barin mutane su tsira. Ko a Nyiragongo na ƙasar Kwango, inda narkakken dutsen ke da tsinkewa da gudu fiye da na kusan ko'ina, aman 2002 ya ratsa birnin Goma ya cinye unguwanni da wani sashe na filin jirgin sama, sama da mutum 300,000 suka gudu, amma waɗanda suka mutu ba su kai 300 ba.

Abin da ya faru a 2010

Indunusiya na da matakan gargaɗi huɗu. Na ɗaya, dutse na cikin halinsa na kullum. Na biyu, an ga canji, a yi hattara. Na uku, a shirya. Na huɗu, a kwashe mutane. Hukumar da ke kula da Merapi na zaune a Yogyakarta, tana da wuraren tsaro a kewayen dutsen irin su Kaliurang da Babadan. Abubuwa uku take aunawa. Akwai ƙananan girgiza da narkakken dutse ke haddasawa yayin da yake fasa hanya. Akwai kumburin jikin dutsen, wanda ake gane shi ta auna tazara zuwa wasu madubai da aka kafa kusa da ƙoli. Akwai kuma yawan iskar farar wuta da ke fita.

A Satumbar 2010 aka ɗaga gargaɗi zuwa mataki na biyu, ranar 21 ga Oktoba zuwa na uku, ranar 25 zuwa na huɗu. Abin da ya tayar wa masana hankali shi ne girgizar da kumburin sun zarce abin da aka gani kafin aman 2006 nesa ba kusa ba, alhali ba a ga curin da aka saba gani yana girma a ƙoli ba. Shugaban cibiyar kula da duwatsun aman wuta ta ƙasar a lokacin, Surono, ya ɗauki hakan a matsayin alamar cewa wannan karon fashewa dutsen zai yi. Washegari, 26 ga Oktoba, ya fashe.

Da farko an hana zama cikin kilomita 10 daga ƙoli. Aka faɗaɗa zuwa 15, sannan zuwa 20, sa'o'i kaɗan kafin fashewa mafi girma da ta zo cikin daren 5 ga Nuwamba. Guguwar tokar ta bi kogin Gendol ta yi tafiyar kilomita kusan 15, ta faɗa wa ƙauyukan da mutanensu ba su gama fita ba. Sama da mutum 350 suka mutu a aman baki ɗaya, sama da 350,000 suka bar gidajensu. Shi ne mafi girma tun na 1872. Masanan da suka yi bitar lamarin daga baya sun ƙiyasta cewa kwashe mutanen ya ceci rai 10,000 zuwa 20,000.

Tun 5 ga Nuwamba, 2020 aka sake mayar da dutsen mataki na uku, kuma daga farkon 2021 ya koma halinsa na tara curi da zubarwa, galibi ta gefen kudu maso yamma. Yawancin bidiyon da ke yawo a 'yan shekarun nan na irin wannan ƙananan zubewa ne, waɗanda ke tsayawa cikin yankin da aka riga aka hana shiga.

A tashi ko a zauna

Nan ne ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare na da hujjar da ba ta wasa ba.

Gwamnati da masana na cewa akwai wuraren da bai kamata a sake kwana a cikinsu ba. Bayan 2010 an zana taswirar haɗari, an gina wa dubban iyalai gidaje a ƙasa, an ce yankin da ya fi kusa da ƙoli ba na zama ba ne. A kan koguna kuma akwai shingayen kankare sama da 200, fasahar da aka koyo daga Japan, masu rage ƙarfin laka da tare manyan duwatsu.

Mazauna wasu ƙauyuka, irin su Kalitengah Lor da Srunen, sun ƙi tashi, sun koma sun sake gini a kan kufansu. Mai kallo daga nesa zai ce taurin kai ne. Lissafin nasu kuwa a fili yake. Tokar da ke kisa ita ce ke mayar da ƙasar ta zama mai albarka idan ta ruɓe, ana noma kayan lambu da taba da shinkafa a gangaren. A sama akwai ciyawa kyauta ga shanun madara, a gidan da gwamnati ta bayar kuwa babu filin ɗaure saniya. Yashin da laka ke saukowa da shi na cikin mafi daraja a wurin magina, motocin tifa na jigilarsa dare da rana, dubban mutane na ci daga nan. Babban amai na zuwa ne bayan shekaru, cefane kuwa kullum ne. A 2010 mutane da yawa sun riƙa sulalewa daga sansani da safe suna komawa ba dabbobinsu abinci, har gwamnati ta yi alkawarin sayen shanun ko biyan diyyarsu don a daina komawa. Duk wanda ya san abin da garke yake nufi ga makiyayi a Ladduga ko Kachia ba zai yi mamakin wannan ba.

Akwai kuma ɓangaren al'ada. Fadar Sarkin Yogyakarta na naɗa mai tsaron dutsen, wanda ke jagorantar wani biki na shekara-shekara. Wasu Musulmin yankin na kallon bikin a matsayin gadon gargajiya, wasu na ƙin sa a matsayin camfi. Mai riƙe da muƙamin a lokacin, dattijo Mbah Maridjan, ya ƙi tashi a 2006, kuma ya tsira da ransa, abin da ya ɗaukaka sunansa a ƙasar. A 2010 ya sake zama. Ya rasu a gidansa da ke Kinahrejo ranar farko ta aman, tare da wasu da suka tsaya da shi ko suka je lallashinsa.

Su ma masanan ba su da tabbas a hannu. Na'ura na nuna cewa wani abu na tahowa, ba ta faɗin rana ko girma. A 1976 an kwashe sama da mutum 70,000 daga gindin dutsen Soufriere na tsibirin Guadeloupe na tsawon watanni, babban aman bai zo ba, mutane suka yi asarar sana'a, masana suka yi ta jayayya a bainar jama'a. Jami'in da ya yi gargaɗi abin bai faru ba, gobe ba za a saurare shi ba. Wanda ya jira tabbas kuma, Armero na nan a matsayin misali, domin taswirar haɗari ta riga ta nuna garin na kan hanyar laka. Idan aka auna biyun, asarar gargaɗin da bai tabbata ba ana iya biyan ta da kuɗi, ta jinkiri kuwa ba a iya biya, kuma alƙaluman 2010 sun goyi bayan masu saurin kwashewa. Sai dai hujjar mazauna ta tilasta wa hukumomi gyara tsari: a gundumar Magelang an haɗa kowane ƙauyen sama da wani ƙauye na ƙasa da zai karɓe shi idan ta ɓaci, mutum ya san gidan da za shi da inda zai ɗaure dabbarsa tun kafin ranar.

Ina abin ya shafi mutumin Kaduna

Duwatsun da ke kewaye da mu, irin su Kufena a Zariya da na Kajuru, ba jinsin Merapi ba ne. Sun daskare ne a can cikin ƙasa shekaru wajen miliyan 600 da suka wuce, zaizaya ce ta tone su suka bayyana. Na Kagoro da Kudaru sun fi su ƙuruciya, kuma su saiwoyin tsofaffin duwatsun aman wuta ne na gaske, dangin waɗanda suka ba Filato kuza, amma wutarsu ta mutu sama da shekaru miliyan 140. Najeriya na zaune a tsakiyar ɓangaren ɓawon duniya da ke ɗauke da Afirka, nesa da inda wani ɓangare ke kutsawa ƙarƙashin wani. Injin da ke hura Merapi babu shi a ƙarƙashinmu.

Motsin ƙasar da aka ji a Kwoi da kewaye cikin Satumbar 2016, da na Mpape a Abuja a 2018, ƙananan girgiza ne. Na Kwoi bai wuce wajen maki 3 a ma'aunin girgizar ƙasa ba, kuma masana sun danganta shi da zamewar tsofaffin tsagogi a cikin dutsen ƙasa. Abin da irin wannan ke taɓawa shi ne bangon da ba a gina da kyau ba. Ba alamar aman wuta ba ne.

Hanyoyin da dutsen nesa zai iya taɓa mu biyu ne. Ɗaya ita ce tafiyar jirgin sama. Toka na narkewa cikin injin jirgi ta toshe shi: a 1982 wani jirgin British Airways ya shiga tokar dutsen Galunggung a Jawa, injinansa huɗu suka mutu na ɗan lokaci kafin matuƙa su samu su tashe su. Shi ya sa ake rufe sararin sama da an ga toka, kuma ɗan kasuwa ko ɗalibin da ke hanyar Asiya zai iya maƙalewa kwanaki. Ta biyu ita ce damina. Amai mai girma ƙwarai kan harba iskar farar wuta can sama ta rage hasken rana. Na Pinatubo a Filifin a 1991 ya sauke zafin duniya da kusan rabin digiri na wajen shekara biyu. Wasu masu binciken yanayi na ganin aman El Chichon na Meziko a 1982 ya taimaka wajen tsananta farin da ya addabi yankin Sahel da Arewacin Najeriya a 1983 da 1984, ko da yake canjin zafin tekuna na da babban kaso a wannan fari. Aman da Merapi ya saba yi bai kai wannan girman ba.

Inda Najeriya ke da maƙwabtaka da wuta mai rai shi ne gabas. Akwai jerin duwatsun aman wuta da ya taso daga Tekun Gini ya bi iyakarmu da Kamaru. Reshensa ne ya bar tsaunukan Biu da tafkin Tila a Borno, kuma a Filato ma akwai ƙananan duwatsu masu rami a ƙoli a wajen Kerang da Panyam, waɗanda suka daɗe da yin shiru. Dutsen Kamaru kuwa, mai tsayin sama da mita 4,000, ya yi amai a 1999 da 2000, na 1999 har ya datse hanyar bakin teku kusa da Limbe. A kan wannan layi tafkin Nyos yake, wanda ke zaune cikin ramin tsohon dutse. Daren 21 ga Agusta, 1986, iskar kabon da ta taru a ƙasan ruwansa ta taso gaba ɗaya ta bi kwari, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500, cikinsu har da Fulani makiyaya da garkunansu. Tun 2001 aka fara kafa bututu masu fitar da iskar a hankali. Tafkin na da wani shinge na halitta mai rauni, wanda idan ya karye ruwan zai biyo kogin Katsina-Ala ya shigo Taraba da Binuwai, kuma tare wannan ambaliya na cikin dalilan da suka sa aka gina madatsar ruwa ta Kashimbila a Jihar Taraba.